Kawu Wasiƙa da Fili na Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti goma sai ya ji cewa bai taɓa kai takardar wani gidan wani ba. Ba ya jira a tambaye shi. Ko gaisuwar rasuwa ya je, da zarar shiru ya ɗan yi tsawo sai ya gyara zama ya ce, “Ni a aikina…” nan da nan mutane su fara laluben takalmansu. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana saurayi. Yara da manya Wasiƙa suke ce masa, da furfura ta fito aka ƙara masa Kawu a gaba.

A yi masa adalci, ya san aikinsa. Dogo ne siriri, kullum ƙafar wandonsa ta dama a matse da maƙalin shanya don kada sarƙar keke ta ci ta. A miƙa masa ambulan da ruwa ya wanke rabin adireshinta, zai ɗaga ta sama, ya ƙanƙance ido, ya ce ta matar mai gyaran rediyo ce, sun tashi bara, yanzu suna bayan gidan mai. Kuma haka ɗin ne. A gidan waya akwai ƙatuwar taswirar gari manne a bango, shi ko kallonta ba ya yi. Cewa yake an manna ta ne saboda baƙi da sababbin ma'aikata. Dokarsa ɗaya ce: in ka shiga layi, ɗaya, uku, biyar suna hannun dama, biyu, huɗu, shida suna hagu. Da wannan ya ci abinci har ya yi ritaya, kuma bai ga dalilin da zai sa duniya ta tsara kanta ta wata hanya dabam ba.

Yana da ƙanwa guda, tela, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Shekara tara ta yi a duƙe kan keken ɗinki tana ɗinka kayan makaranta, har bayanta ya ranƙwafa, sannan ta sayi fili a bayan gari inda aka yanka sabuwar unguwa. Ba ta kai ga aza ko bulo ɗaya ba ciwo ya kwantar da ita. Mace ce mai tsari, har gadon asibiti ta sa aka kawo mata lauya, aka rubuta cewa yayanta ne zai riƙe wa yarinyar filin amana har ta gama karatu ta nema da bakinta. Aka sa hannu, shaidu suka sa, sannan ta miƙa masa ambulan ɗin.

“Yaya,” ta ce, “ba ni da wanda ya fi ka sanin hanya. Kada ka sayar, kada ka ba da aro, kada ka bari a ci mata ko taku ɗaya.”

Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce ko bayan ransa. Yarinyar tana da shekara shida. Ya ɗauke ta a kan kekensa ya kai wa matarsa, wadda yarinyar ke kira Inna, kuma tun daga ranar unguwa ta sa mata 'Yar Amana.

Sati biyu da rasuwar ya hau keke ya tafi ganin abin da aka ba shi. Ba gida ko ɗaya a wurin, ciyawa ce kawai da hanyar da mota ta share, sai turakun siminti masu ɗauke da wasu dogayen lambobi da ba su yi kama da adireshin kowa ba. Takarda ta ce layi na uku, fili na goma sha huɗu. A bayanta an maƙala taswira a ninke. Ya ɗaga gefenta, ya ga zane-zane, ya taɓe baki ya mayar. Ya tsaya a bakin layi ya dubi hagu, ya fara taku yana ƙirgawa: biyu, huɗu, shida, takwas, goma, sha biyu. A fili na bakwai ya ja birki, ya dire ƙafa, ya ce, “Sannu, goma sha huɗu.”

Abin da ya yi wa filin nan cikin shekara goma sha bakwai, wasu ko 'ya'yansu ba su yi wa ba. Ya kewaye shi da waya, ya sa ƙofar kwano, ya sayo jan fenti ya rubuta lamba goma sha huɗu, kowace lamba tsawon hannu. Ya dasa mangwaro huɗu, gwaiba biyu da lemon tsami a kusurwa. Duk Asabar yana can da adda da bokiti, ko ana ruwa ko ana rana. Awaki sun san shi, daga nesa suke canza hanya. Da unguwa ta fara cika, wani maƙwabci ya turo ginin katangarsa da tafin hannu ɗaya. Kawu bai yi faɗa ba. Kujera ya kawo da rediyo, ya zauna a kan harsashin ginin kwana uku daga safe zuwa yamma, yana gaida magina ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya gaji ya rushe.

Sauran maƙwabta da suka ga tsohon ma'aikacin gidan waya ya rubuta lamba a ƙofa, sai suka ɗauka ita ce lambar gida ta hukuma. Wa zai yi musu da Wasiƙa a kan lamba? Na kusa da shi ya rubuta sha shida, na gabansa sha takwas, haka aka yi ta tafiya har ƙarshen layi.

A ƙarshen layin ne, shekara shida da fara wannan hidima, wani mutum ya zo zai gina gidan burodi. Kawu ya iske shi yana fama da igiyar awo shi kaɗai, iska tana ɗauke masa bakin. Mutum ne da ba ya iya wuce aikin da ake yi ba daidai ba, sai ya jingine keke ya riƙe masa ɗaya bakin. Har shawara ya ba shi, ya ce ƙofa ta kalli gabas, tanderu ya koma baya saboda hayaƙi. Da aka gama, shi ya ƙirga masa lambarsa, ashirin da takwas. Suka ƙulla abota. Mai Burodi ya ja famfo, ya ce Kawu ya daina wahalar zuwa rijiya, ya riƙa ɗiba a nan. Duk Asabar kuma akwai burodi ɗaya mai zafi da ke jiransa, ya rataya a hannun keke ya kai gida, shi da Inna da 'Yar Amana su sha shayi da shi.

Yarinya ta girma, ta yi karatun jinya, ta fara aiki a asibiti. Wata rana bayan cin abinci ta ce, “Kawu, ina so in fara ɗora ko ɗaki biyu ne a filin Mama.”

Ranar da ya yi shekara goma sha bakwai yana jira ke nan. Ya ciro ambulan daga ƙarƙashin akwati, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ran Asabar ya sa rigar da ya fi ji da ita, ya goge takalmi, suka tafi tare da safiyon da ta ɗauko don ya fitar mata da iyaka kafin a haƙa harsashi. Safiyon dattijo ne mai tumbi, ba shi da yawan magana. Kawu ya buɗe ƙofar kwano, ya ja gefe yana jiran yabo. Yabo kuwa ya samu, don wurin ya yi inuwa, mangwaro ya sunkuyo da 'ya'ya, ƙasa a share tas.

Safiyo ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya karɓi takarda, ya warware taswirar da ba a taɓa warwarewa ba. Ya duba turke, ya duba taswira. Ya goge turken da tafin hannu ya sake dubawa.

“Malam,” ya ce, “wannan ai na bakwai ne.”

“Na bakwai a hagu,” in ji Kawu, da muryar mai koyar da 'yan aji ɗaya. “Wato goma sha huɗu. Biyu, huɗu, shida…”

“Wannan ƙirgan gidan waya ne. Mu ba ma tsallake titi. Daga bakin layi muke farawa ta hagu, ɗaya, biyu, uku, a jere har ƙarshe, sannan mu juyo ta ɗaya hannun. Ga shi nan a zane.”

“Zane,” in ji Kawu, ya yi 'yar dariya ya kalli 'Yar Amana don ta taya shi. Ba ta taya shi ba.

Safiyo ya ninke ƙafafun na'ura ya saɓa a kafaɗa, ya ce su biyo shi. Suka fita yana taɓa katanga yana ƙirgawa, takwas, tara, goma. Suna tafiya ƙamshin burodi yana ƙaruwa. A sha biyu Kawu ya rage sauri. A sha huɗu safiyo ya tsaya, ya kawar da wani buhun gawayi da ƙafa, sai ga turke a jikin bangon gidan burodi, lambarsa ta yi daidai da ta takarda.

Mai Burodi ya fito yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a, da burodi mai zafi a leda. “Kawu! Yau da baƙi ka zo? Ai da ka faɗa da na ajiye uku.”

Ba wanda ya karɓi burodin. Kawu bai san yadda ya koma gida ba, sai dai an ga yana tura keken da hannu.

Daga ranar mutumin ya zama wani dabam, kuma 'Yar Amana ce ta fi kowa ji a jikinta. Tun tana 'yar shekara shida ba ta taɓa fita daga gidan nan Kawu bai sami abin gyarawa a jikinta ba. Jakarta a buɗe take, takalminta zai karya mata ƙafa, ta yi latti, ta yi sammako da yawa, tana tafiya tana danna waya. Har ta zama ma'aikaciyar jinya da ke yi wa manya allura bai fasa ba. Yanzu duk ya ɗauke. In ta shigo ɗaki sai ya miƙe tsaye. In ta gaishe shi ya ce, “Ranki ya daɗe.” Ya daina cin abinci inda take. Ta gwada barin jaka a buɗe da gangan, ta wuce ta gabansa sau biyu, ya kalli jakar, ya kalli ƙasa. Abin ya fi mata zafi a kan filin.

Mai Burodi ya ce shi ma da takardarsa, a hannun dillali ya saya, dillalin kuwa an yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya yi rantsuwa, ya yi kuka, ya ce ba inda za shi. Dole aka nemi lauya.

Ofishin lauyar wani ɗan ɗaki ne a saman shagon takalma, da fanka mai juya kai ba iska. Mace ce mai tabarau, tana magana tana jera takardu. Ta karanta komai, ta ce takardar marigayiya ce ta gaskiya, ta Mai Burodi ta bogi ce, amma akwai ƙura.

“Lauyansa zai ce mai riƙon amana yana tsaye aka yi ginin, bai hana ba. Shekara goma sha ɗaya yana gani. Baba, an ce har igiya ka riƙe?”

“Na riƙe.”

“To. In kotu ta yarda ka san filin ne ka yi shiru, za a ce ka sallama, magana ta lalace. Hanya ɗaya ce: mu nuna ba ka ma san inda filin yake ba. Sakacin mai riƙo ne, kuma ba a cinye wa marainiya haƙƙi saboda sakacin wanda ya riƙe mata. Amma sai mun sa sunanka cikin waɗanda ake ƙara, mu ce ka gaza a amanar.”

'Yar Amana ta miƙe ta ɗauki jakarta. “In haka ne na fasa. Mai Burodi ya riƙe filin, Allah ya sa masa albarka. Ni in kai Kawu kotu? Mutumin da ya goya ni?”

“Ranki ya daɗe,” in ji Kawu, idonsa a kan fankar, “bayan mahaifiyarki ne ya ranƙwafa a kan filin nan, ba nawa ba. Ba ki da ikon yafe shi saboda ni. Lauya, rubuta sunana, ki rubuta da kyau.”

Ta sa hannu tana hawaye, har sai da aka sake buga shafin.

Masinjan kotu ya yi kwana uku yana neman wanda zai ba sammaci. Takarda ta ce goma sha huɗu, ya je ƙofar da aka rubuta goma sha huɗu da jan fenti, ya yi ta sallama, ba kowa sai bishiyoyi. A ƙarshe Kawu ne ya kama hannunsa ya kai shi gidan burodi, ya tsaya har Mai Burodi ya karɓi tasa, sannan ya ce, “Saura tawa,” ya sa hannu ya rubuta kwanan wata da lokaci, kamar yadda ake yi wa wasiƙa mai rajista.

Ana cikin haka mai fili na bakwai ya bayyana. Likitan haƙori ne da ke aiki a wani gari. Ashe sau biyu yana zuwa a shekarun baya, ya tarar da waya da ƙofa da wata lamba da ba tasa ba, da kuma dogon tsoho riƙe da adda yana masa kallon ɓarawo, sai ya ɗauka ya ɓata hanya ya juya. Yanzu da labari ya kai masa ya zo da takardunsa yana huci, da niyyar shigar da tasa ƙarar. Da aka buɗe masa ƙofa ya shiga inuwar mangwaro, ya ga katangar maƙwabci a tsaye cak a kan iyaka, sai hucin ya koma murmushi har haƙoransa duka suka fito, masu kyau kuwa. Ya ce ya yafe. Mutumin kirki, an yi masa gadi da lambu kyauta shekara goma sha bakwai, ya yafe. Kawu ya miƙa masa makulli, ya ce lemon kusurwa ba ya son ruwa da yawa, ya juya da sauri don kada a ga idonsa.

Ana gobe shiga kotu, Inna ta same shi a tsakar gida yana goge takalmi.

“Malam, ka ce turakun ne aka tuttuge. Ko ka ce ciyawa ta rufe su. Wa ya gani? Shekara nawa yau?”

“Ba a tuge ba.”

“To ka ce ba a ba ka taswirar ba. Rabin unguwa za su zo kallo. Mutanen da ka cika wa kunne, kana ganin za su bar ka ka sha ruwa a garin nan?”

“An ba ni,” ya ce. “A maƙale take.”

Inna ta yi tsaki ta shiga ɗaki, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba, ya yi taurin kai wajen yin kuskure, yanzu kuma zai yi wajen tona kansa. Amma ita ta goge masa riga, ta kuma goge ta sau biyu.

Rabin unguwa kuwa sun zo. Ɗakin shari'ar ƙarami ne, benci shida, tagogi a sama, mutane har a bakin ƙofa. Lauyan Mai Burodi gajere ne mai zaƙin baki, kuma ya yi shiri. Bai zagi Kawu ba, yabonsa ya shiga yi. Ya fito da takardar yabo da gidan waya ya ba shi ranar ritaya, ya karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. A wata rana dabam da Kawu ya nemi a maimaita.

“Baba, gaskiya ne shekara talatin da ɗaya ba ka taɓa kuskure adireshi ba?”

“Haka nake faɗa.”

“Ka riƙe wa wanda nake karewa igiyar awo?”

“Na riƙe.”

“Ka ɗebi ruwa a famfonsa? Ka ci burodinsa?”

“Na ɗiba. Na ci, da zafinsa.”

Aka yi dariya, alƙali ya buga tebur. Lauyan ya juya ya buɗe hannuwa.

“To, Baba, kana so wannan kotu ta yarda cewa mutumin da ya fi kowa sanin lungunan garin nan, wanda ko da ido rufe zai kai ka ƙofar kowa, bai san inda filin 'yar ƙanwarsa yake ba? Ai ka sani. Ka sani ka bar wa abokinka, yanzu da wuri ya yi daraja kuka dawo. Ka faɗi gaskiya, mutuncinka ya fi fili.”

Ga ƙofa an buɗe masa. In ya ce ya sani, ya fita da sunansa na Wasiƙa wanda ba ya ɓata, yarinya ta fita hannu wofi. Ya dubi bencin baya, ya ga fuskokin da suka sha “ni a aikina” har suka ƙoshi, wasu tun yanzu sun fara danne dariya. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da kare ya bi shi har cikin kwata da jakar wasiƙu.

“Ranka ya daɗe,” ya ce wa alƙali, “ban sani ba. Wallahi ban sani ba. An ba ni taswira, na ɗaga gefenta na mayar, don na ɗauka na fi ƙarfinta. Na ƙirga fili kamar ina ƙirga ƙofofi. Ƙanwata ta ba ni saƙo ɗaya tak a duniya, na kai shi gidan da ba nasa ba, na zauna ina gadinsa shekara goma sha bakwai ina jin kaina. Na yarinyar kuwa, da hannuna na riƙe igiyar da aka auna shi aka gine. Ba turke ba ne, ba ciyawa ba ce. Girman kaina ne. A rubuta haka.”

Ba wanda ya yi dariya. Mai Burodi ma ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Lauyan ya buɗe baki, ya duba takardunsa, ya ce ba shi da sauran tambaya.

Bayan sati uku aka dawo jin hukunci. Alƙali ya ce fili na marainiya ne. Mai Burodi an cuce shi, amma ba ita ta cuce shi ba. Dama lauyoyin sun riga sun zauna sun daidaita, zai ci gaba da gashi a gaba a matsayin ɗan haya, ita ta yi gininta a baya, kuma alƙali ya amince. Sannan ya juya kan wanda ake ƙara na biyu. Ya ce kotu ta same shi da sakaci a amanar da aka ba shi, ta kuma sauke shi daga riƙon. Kalmar ta fito sarai, magatakarda ya rubuta ta, Kawu yana tsaye ƙyam kamar an dasa shi.

“Mai ƙara,” in ji alƙali, ya cire tabarau, “doka ta ba ki damar neman diyya daga gare shi. Me kike nema?”

Kafin ta yi magana Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro wata tsohuwar takarda, ya taka ya ajiye a teburin magatakarda. Takardar gidansa ce, gidan da shi da Inna suke ciki, ba shi da wani. Inna ta dafe ƙirji, don ba ta san ya ɗauko ba.

'Yar Amana ta miƙe. Lauyarta ta ja mata gefen riga, ta fizge. Ta riƙe ƙugu.

“Ranka ya daɗe, a mayar masa da takardarsa, ba na so. Abin da nake nema dabam ne. Wata biyar ke nan mutumin nan bai yi min faɗa ba. In na shigo sai ya miƙe min tsaye, yana ce min ranki ya daɗe kamar wata baƙuwa. Uwata ta rasu, ubana ya rasu, shi kaɗai ya rage da zai dube ni ya ce ke, ba haka ake yi ba. An dawo min da fili, na gode. A dawo min da kawuna.”

Alƙali ya daɗe yana goge tabaran da ba su da datti. Ya ce shekararsa ashirin a kujerar nan ba a taɓa neman wannan a gabansa ba, kuma bai san sashen dokar da zai kafa hujja da shi ba. Ya ce kotu ba ta da ikon tilasta wa mutum ya yi wa wani faɗa, amma in wanda ake ƙara ya ga dama, kotu ba za ta hana ba. Ya buga tebur ya tashi.

Suka fito. Mutane suka dare suka ba su hanya. Kawu yana gaba, takardar gidansa a hannu, Inna tana binsa tana masifa ƙasa-ƙasa a kan wanda zai kyautar da gida bai yi shawara da kowa ba. 'Yar Amana tana baya, tana kallon ƙeyarsa. Suka sauka matakala ɗaya, biyu, uku, bai waiwayo ba. Ta ji zuciyarta ta karye, ta ce a ranta shi ke nan, ta yi abin kunya a gaban jama'a a banza.

A matakala ta ƙarshe ya tsaya. Ya yi gyaran murya sau biyu. Da ya juyo idanunsa jajaye ne.

“Ke,” ya ce. “Haka ake yi wa alƙali magana? Da hannu a ƙugu? A gidan wa kika koyi wannan?”

Ta fashe da kuka a nan bakin kotu, ta kama hannun rigarsa da hannu biyu.

“A gidanka, Kawu.”

“To ki sake min riga, mutane suna kallo. Kuma ki share fuska, ma'aikaciyar asibiti guda kina kuka a titi.”

Ba ta saki ba, shi ma bai janye hannun ba. Haka suka tafi har bakin titi, yana yi mata faɗa tana cewa to.